Lamba 11 a Kan Allo Ba Kariya Ba Ce

Ranar Talata, 14 ga Oktoba 2025, kamfanin Microsoft ya rufe littafin Windows 10, babbar manhajar da ya fitar tun watan Yuli 2015. Daga wannan rana ya daina aiko da facin tsaro na kyauta, wato gyare-gyaren da ke toshe kafofin da masu kutse suke ganowa wata bayan wata. Washegari babu kwamfutar da ta ƙi tashi a Unguwan Romi. Shagunan buga takardu sun buɗe kamar kullum, makarantun kuɗi sun ci gaba da shigar da makin ɗalibai, masu cike wa jama'a fom a intanet sun ci gaba da karɓar layi. Irin wannan mutuwa ba ta da zaman makoki, shi ya sa da yawa ba su san an yi ta ba.

Waɗanda suka ji labari kuwa sun sami amsa mai sauƙi a teburin mai gyara. Zai soka filashi, ya yi amfani da wata ƙaramar manhaja ta kyauta mai suna Rufus, wadda ke cire shingen binciken da Microsoft ya kafa, kafin la'asar tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka ta tashi da Windows 11. Mai kaya ya biya, ya ga sabon allo, ya tafi gida da kwanciyar hankali. Wannan kwanciyar hankalin ita ce matsalar. Ɗora Windows 11 da ƙarfin tsiya a kan na'urar da kamfanin ya ƙi amincewa da ita, sannan a miƙa wa mai ita ba tare da an gaya masa abin da ke biye ba, yaudara ce, ko da mai yin ta bai yi nufin cuta ba. Kuma alhakinta bai tsaya kan mai gyara shi kaɗai ba.

Inda aka ja layin

Lokacin da Windows 11 ya fito a ranar 5 ga Oktoba 2021, ya zo da sharuɗɗa. Wasu masu sauƙi ne: ma'adanar wucin gadi ta gigabait 4 da rumbun ajiya na gigabait 64. Biyu ne suka raba duniya gida biyu. Na farko shi ne TPM 2.0, wani ɗan ƙaramin sashe da ke adana makullan sirri nesa da sauran manhajoji, ta yadda ko an sace kwamfuta ko an yi mata kutse, ba a iya kwashe makullan cikin sauƙi. Na biyu shi ne injin sarrafawa, wanda masu sana'ar ke kira firosesa: a ɓangaren Intel sai zubi na 8 zuwa sama, wanda ya fara shiga kasuwa a 2017, a ɓangaren AMD kuma sai Ryzen 2000 zuwa sama, in ban da 'yan tsirarun da aka yi wa togaciya.

Duk wanda ya taɓa neman kwamfutar gwanjo a Kaduna ya san sunayen da ke cika shaguna: HP EliteBook 840 G3, Dell Latitude E7470, Lenovo ThinkPad T460 da T470. Waɗannan na'urori ne da aka ƙera domin ofisoshi, masu ƙarfi da juriya, kuma da yawa daga cikinsu suna da TPM ɗin. Laifinsu guda, firosesarsu zubi na 6 ko na 7 ce. Gane wannan bai buƙatar digiri. Idan an rubuta i5-6300U, lambar farko bayan ɗan layin ita ce zubin, wato na 6, kuma layin Microsoft ya bar ta a waje. Idan an rubuta i5-8250U, ta tsallake. Tsakanin na'urar da aka ce ta mutu da wadda aka ce tana raye, wani lokaci tazarar shekara ɗaya ce tak.

A watan Disamba 2023 kamfanin nazarin kasuwa Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kimanin miliyan 240 za su iya zama shara saboda wannan sharaɗi. A Turai da Amurka kalmar shara tana da wata ma'ana ta biyu, ita ce kwantena mai nufar Legas. Binciken da Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya ta gudanar a tashoshin jiragen ruwan Legas ya gano cewa a 2015 da 2016 ana shigo da kimanin tan 60,000 na tsofaffin kayan lantarki kowace shekara, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba ya aiki, kuma mafi yawansa daga tashoshin Tarayyar Turai ya taso. Hanyar a buɗe take tun kafin Windows 11. Abin da ofishin Landan ko Hamburg ya sauke daga tebur saboda ba zai karɓi sabuwar manhaja ba, shi ne ke bi ta kasuwar Alaba da Computer Village na Ikeja, ya hau mota zuwa Arewa, ya sauka a shago da sabon Windows 11 a fuskarsa da farashin da ya dace da fuskar.

Unguwanni irin su Romi, Sabon Tasha, Television da Gonin Gora, duk a kudancin kogin Kaduna, sun san ciwon rufewar masaƙun Kakuri. Tun da manyan masana'antu suka yi shiru, ƙananan sana'o'i ne ke riƙe da gidaje, kuma da dama daga cikinsu a kan kwamfuta ɗaya suke tsaye. Malamar da ke haɗa sakamakon jarrabawa, matashin da ke zana katin biki, ɗalibar da ke rubuta kundin kammala karatu, duk a wannan kasuwa ta gwanjo suke saye. Ga irin waɗannan, kwamfuta jari ce, sau da yawa ta kuɗin adashi.

Agogon da ba a gani

Mutane da yawa sun ɗauka Windows 11 abu ɗaya ne. A gaskiya jerin fitowa ne na shekara-shekara, kowace da sunanta da wa'adinta. Ga masu amfani da nau'in Home da Pro, kowace fitowa tana samun facin tsaro na wata 24 ne kawai. Fitowar 22H2 ta ƙare a watan Oktoba 2024. Ta 23H2 ta ƙare ranar 11 ga Nuwamba 2025. Kwamfutar da ta cika sharuɗɗa tana hawa daga wannan fitowa zuwa waccan da kanta, mai ita ko sani bai yi ba. Wadda aka tura wa manhajar ta bayan gida kuwa yawanci tana tsayawa ne a inda aka ajiye ta. Facin wata-wata yana iya zuwa na ɗan lokaci, amma tsallakawa zuwa fitowa ta gaba sai an koma an sake yi da hannu. Idan ba a koma ba, wa'adi ya cika, faci ya tsaya, allo kuma yana nan yana nuna lamba 11.

Ma'anar wannan ita ce, akwai kwamfutocin da aka ɗora wa Windows 11 a 2023 waɗanda yau ba su da kariyar da ta wuce ta Windows 10 ɗin da aka guda. Bambancin kawai, mai Windows 10 ya san yana cikin haɗari, mai wannan kuwa yana ganin ya tsira. Microsoft da kansa ya rubuta a shafinsa cewa na'urar da ba ta cika sharuɗɗa ba ba ta da haƙƙin samun sabuntawa, kuma duk lalacewar da ta biyo baya garanti ba ya ɗaukarta. Ya kuma nuna cewa yana iya ƙara tsuke ƙofa duk lokacin da ya ga dama: fitowar 24H2 ta zo da buƙatar wani umarnin firosesa da tsofaffin na'urori irin su Core 2 Duo ba su da shi, kuma a kansu babu dabarar da za ta sa ta tashi.

Akwai abin da ya fi wannan muni. Rufus aƙalla yana aiki ne da asalin manhajar Microsoft. Amma a filashin masu gyara da yawa akwai wasu nau'o'in Windows da wani da ba a san ko wane ne ba ya feɗe, ya cire abin da ya cire, ya zuba abin da ya zuba, ya saka a intanet da sunan mara nauyi. A watan Yuni 2023 kamfanin tsaron kwamfuta Doctor Web ya ba da rahoton gano kwafin Windows 10 na sata da aka ɓoye wa manhajar ɓarayi, wadda ke sauya adireshin asusun kuɗin kirifto a lokacin da mutum ke tura kuɗi. Wanda aka ɗora wa irin wannan, tun kafin ya bar shagon ɓarawo yana cikin jakarsa.

Mai ganin zancen faci wasa ne ya tuna watan Mayu 2017, lokacin da ƙwayar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kimanin 150, ta tilasta wa asibitocin Ingila soke ganin dubban marasa lafiya. Microsoft ya riga ya fitar da facin wannan kafa tun watan Maris. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda facin bai kai gare su ba. Kwamfutar shagon cike fom a Romi ba asibiti ba ce, amma a cikinta akwai lambobin NIN da BVN na mutane, hotunan fasfo, takardun haihuwa, wani lokaci har da kalmomin sirri da aka bari a buɗe. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a nauyin tsare su. Makarantar da ke ajiye bayanan ɗaruruwan yara a kan na'urar da faci ya daina zuwa mata tana karya amanar iyaye, ko ta sani ko ba ta sani ba.

Hujjar mai gyara

Mai gyara yana da amsa, kuma ta cancanci a saurare ta. Zai ce abokin cinikinsa ba shi da kuɗin sabuwar kwamfuta, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne kuma darajar naira ta zube tun 2023. Zai ce na'urar lafiyarta ƙalau, kuma Windows 11 yana gudu a kanta ba tangarɗa. Zai ƙara da cewa layin da Microsoft ya ja na ciniki ne kamar yadda yake na tsaro, tunda kusan kowace sabuwar kwamfuta da aka saya lasisin Windows ne aka sake saya. Duk wannan gaskiya ne. Injiniyan da ya san abin da yake yi, ya ɗora wa tasa na'urar, yana bin ranakun wa'adi, yana sabuntawa da hannu kowace shekara, babu mai ganin laifinsa.

Laifin yana cikin shirun. Hausawa sun ce wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, amma sharaɗin maganar shi ne a gaya masa rariya ce. Wanda aka miƙa wa rariya da sunan ƙwarya an cuce shi. Dillalin da ya rubuta Windows 11 a jikin kwamfuta zubi na 6, ya ƙara mata kuɗi saboda wannan rubutu, ya sayar da abin da ba shi da shi. Mai gyaran da ya karɓi kuɗin aiki bai ce wa mai kaya ya dawo kafin wa'adi ya cika ba, ya yi rabin aiki ya karɓi cikakken lada. Kuma sau da yawa abin da ya kawo mai kayan ma nauyin na'ura ne, wanda maganinsa sauya tsohon rumbu da SSD da ƙara ma'adanar wucin gadi. Sabon Windows ba ya sa tsohuwar kwamfuta sauri.

Turai ta tambaya, aka ba ta

Microsoft ya buɗe wata ƙofa ga masu son zama a kan Windows 10, wato shirin ƙarin facin tsaro na shekara ɗaya, har zuwa 13 ga Oktoba 2026. Mutum zai iya shiga ta biyan dala 30, ko da maki 1,000 na Microsoft Rewards, ko ta yarda ya riƙa ajiye saitunan kwamfutarsa a rumbun kamfanin na intanet. Kowace hanya tana buƙatar asusun Microsoft da fitowar 22H2 ta Windows 10. Dala 30 a canjin da ya kusa naira 1,500 ta haura rabin mafi ƙarancin albashi. Kamfanoni kuwa dala 61 za su biya kan kowace na'ura a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara. Makarantu an yi musu rangwame zuwa dala 1, amma sai masu lasisi a hukumance, abin da makarantar da ke aiki da Windows na sata ba za ta iya nunawa ba.

A watan Satumba 2025, bayan matsin lambar ƙungiyar kare masu saye ta Euroconsumers, Microsoft ya amince mazauna yankin tattalin arzikin Turai su sami wannan shekara kyauta ba tare da sharaɗin ajiye saituna ba. Abin lura shi ne wa aka sassauta wa. Nahiyar da ta fi kowa iya sayen sabuwar kwamfuta ita ta sami sauƙi, saboda tana da ƙungiyoyi da dokokin da kamfanoni ke shakka. Ƙasashen da tsofaffin na'urorin ke ƙarewa a cikinsu an bar su da sharuɗɗan yadda suke. Najeriya ba ta rasa haƙora ba: hukumar FCCPC ta ci tarar kamfanin Meta dala miliyan 220 a watan Yuli 2024, kuma kotun sauraron ƙararrakin gasa ta tabbatar da tarar a watan Afrilu 2025. Hukumar da ta iya wannan za ta iya neman wa 'yan Najeriya abin da aka ba Turawa. Za ta iya kuma wajabta wa masu sayar da kwamfutar gwanjo su rubuta zubin firosesa da matsayin na'ura a kan rasit, wanda ya fi sauƙi kuma ya fi kusa da aljihun talaka.

Hanyar da aka raina

Akwai mafita ta uku da masu ilimin boko suka daɗe suna kallo a matsayin wasan 'yan kwamfuta, ita ce Linux. Kyauta ce, halal ce ta fuskar lasisi, kuma ba ta tambayar zubin firosesa. Linux Mint 22 da Ubuntu 24.04 duk suna da alƙawarin facin tsaro har 2029. ThinkPad ɗin da Microsoft ya yi wa sallama zai yi aiki da su cikin walwala. Mafi yawan abin da malami, ɗan jarida, lauya ko ɗalibi ke yi yau a cikin burauza yake, kuma Chrome da Firefox duk suna nan. LibreOffice yana buɗe takardun Word da Excel. Google ma yana da ChromeOS Flex tun 2022, wanda aka yi musamman domin tsofaffin na'urori.

Wannan ba mafarki ba ne. Makarantun gwamnati a jihar Kerala ta Indiya sun koma Linux tun kafin 2010, kuma miliyoyin yara a kansa suka koyi kwamfuta. A 2024 jihar Schleswig-Holstein ta arewacin Jamus ta yanke shawarar mayar da kwamfutocin gwamnati kimanin 30,000 zuwa LibreOffice, da nufin su ƙare a kan Linux. Najeriya ma ta taɓa tsayawa a bakin wannan ƙofa. A 2007 an yi odar ƙananan kwamfutocin Classmate 17,000 domin makarantu, ɗauke da Linux na kamfanin Mandriva na Faransa. Da labari ya fito cewa za a goge shi a ɗora Windows, shugaban kamfanin, François Bancilhon, ya rubuta wa Steve Ballmer na Microsoft buɗaɗɗiyar wasiƙa mai zafi a ƙarshen Oktoban shekarar. Shekara goma sha takwas bayan haka, darasin kwamfuta a yawancin makarantu har yanzu darasin inda ake latsawa a Windows ne, kuma wannan ne ya sa mutum mai digiri biyu yake jin tsoron allon da bai saba ba.

Linux yana da iyakarsa, kuma ɓoye ta zai zama irin shirun da ake zargin wasu da shi. CorelDRAW, wanda shagunan zane da buga kati suka dogara da shi, ba shi da nau'in Linux. Haka Photoshop da AutoCAD. Wasu na'urorin buga takardu suna ba da wahala. Mai irin wannan sana'a zaɓinsa biyu ne na gaskiya: ya shiga shirin ƙarin shekara yana tara kuɗin na'ura zubi na 8 ko sama, ko ya ware kwamfutar zane ya raba ta da intanet da filashin baƙi, ya yi harkar banki da fom a wata dabam.

Abin da ya rage

Kaduna gari ne da ya san darajar gyara. Kasuwar Panteka ta yi suna ne a kan mutanen da ke tayar da abin da masana'anta ta ce ya mutu, kuma wannan hali ne ya kamata a kare. Kare shi yana nufin ƙungiyoyin masu sayarwa da gyaran kwamfuta su sa wa kansu doka kafin hukuma ta sa musu: a gaya wa mai saye zubin na'urarsa, a gaya masa ko Windows 11 ɗin da ke kai na ƙa'ida ne ko na tura, a rubuta masa ranar da wa'adin fitowar zai cika. Mai gyaran da ya koyi ɗora Linux da koyar da shi na awa ɗaya ya ƙara wa kansa sana'a. Masu makarantu su zauna su ƙirga na'urorinsu ɗaya bayan ɗaya, su buga kalmar winver a kowace su ga fitowar da take kai, su gwada ta da manhajar PC Health Check ta Microsoft. Gwamnatin jiha da hukumar NITDA, waɗanda ke yawan maganar koyar da matasa fasahar zamani, su fara da abin da ke hannun matasan, wato tsofaffin kwamfutoci.

Idan ba a yi ba, ƙarshen na'urorin sananne ne. Za su bi hannun 'yan jari bola, a fasa su a ciri abin da ke da kuɗi, a ƙona wayoyin domin jan ƙarfe, hayaƙin ya shiga ƙirjin yaran unguwa, duk da ƙa'idojin da hukumar NESREA ta kafa kan sharar lantarki tun 2011. Na'urar da za ta iya yin shekara huɗu tana koyar da yaro rubutu za ta ƙare a matsayin guba.

Ranar 13 ga Oktoba 2026 agogo biyu za su tsaya tare. Ƙarin shekarar Windows 10 ta masu amfani na gida za ta ƙare, kuma fitowar 24H2 ta Windows 11, wadda aka tura wa tsofaffin kwamfutoci da yawa a 2025, ita ma wa'adinta zai cika a nau'in Home da Pro. Wanda ya zauna da wanda aka ce masa ya tsallake za su haɗu a wuri guda. Ranar a rubuce take, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.